Ba Gajiya, In Ji Baki

 Jama'a masu sauraro, barkanmu da kaka. Ina gajiya?

Ko ban ji muryarku ba na san amsar da kuka ba ni: ba gajiya. Haka muka taso muka tarar. Mutum zai wuni a duƙe yana cirar gyaɗa, ya miƙe ƙugunsa kamar an sara da gatari, ka tare shi a bakin gari ka ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya. In ya so ya ƙara da cewa gajiya ta bi lafiya. Gaisuwa ce mai kyau, akwai godiyar Allah a cikinta, kuma ban zo don in soke ta ba. Mu ne ma al'ummar da ta ba gajiya gurbi a zumunci. In an yi biki an watse, washegari a je ban-gajiya. In baƙo zai kwanta, a ce masa a huta gajiya. Sai dai abin da baki ya musanta da rana, in dare ya yi za ka tarar da shi a tsaye a ƙofar kemis.

Kwanakin baya na kwana a Masanawa, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, wurin wani kawuna. Bayan sallar isha'i na fita neman maganin sauro, na tsaya a wani ɗan shagon magani. Ina nan sai ga wani saurayi ya iso, da ƙyar zai haura shekara ashirin, ƙaiƙayin dawa duk ya bi masa wuya da gira, da ganinsa daga sussuka yake. Ya yi sallama ya ce, "Malam, a ba ni na gajiya, na ɗari biyu." Mai shagon bai tambaye shi komai ba. Ya buɗe gwangwani huɗu, ya ɗebo fara guda biyu, mai ja da rawaya guda, wata 'yar mitsitsiya guda, da wata mai ruwan ƙasa, ya ƙulle a leda ya miƙa. Na ce wa saurayin, "Ƙanena, me da me ke cikin wannan haɗin?" Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Yaya ban sani ba, amma yana aiki. In na kora da shayi, gobe garau zan tashi." Na ce tun yaushe kake sha? Ya ce tun noman firi.

Ku lissafa da kanku. Daga noman firi zuwa sussuka wata nawa ke nan? Kullum dare, ƙwaya biyar da bai san sunan ko ɗaya ba.

Ma'aikatan lafiya sun san abin da aka saba zubawa a irin wannan haɗi. Akwai farasitamol, wanda babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 masu nauyin miligiram 500, domin abin da ya haura haka hanta yake ci. Akwai dangin dikulofenak da aibufurofen masu kashe ciwon gaɓoɓi, waɗanda in aka daɗe ana sha, musamman ciki ba komai jiki kuma ba ruwa, sukan jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Akan jefa deksametazon, mai sa mutum ya ji kamar an sabunta shi, alhali a hankali yana tayar da suga da hawan jini, yana kumbura fuska, yana raunana garkuwar jiki. Wani wurin kuma har da tiramol. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 4 da dubu 600 a Najeriya suna shan ƙwayoyin kashe raɗaɗi irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba. In an ji wannan adadi sai hankali ya tafi kan 'yan daba da zauna-gari-banza. To, da yawa daga cikinsu mutanen kirki ne masu neman halak: ɗan ƙwadagon da ya karɓi jinga yana son ya gama kafin la'asar, ɗan dako, mai haƙar yashi, ɗan acaɓa. Ba maye suka fito nema ba, gajiya suka so su kora, ƙwayar ta riƙe su.

Ni a ganina gajiya mai bin bashi ce. Jiki ya ranta maka ƙarfinsa tun asuba, da yamma ya aiko a karɓo. Ƙwayar nan ba ta biya maka ko sisi. Iyakarta ta leƙa zaure ta ce maigidan ba ya nan. Mai bin bashi ya juya, amma bai yafe ba, kuma ranar da zai dawo ba shi kaɗai zai zo ba. Haka goro yake, haka shayi mai kauri, haka gadagin da ake sayarwa a tasha ba ma'auni, haka lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari da samari suka mayar ruwan sha. Duk aikinsu ɗaya: su hana ka jin sallamar.

Da me ake biya? Da barci, kafin komai. Likitoci sun ce baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a kowane dare. Mu kuwa mutanen asuba ne. A wannan lokaci ana kiran assalatu tun kafin biyar, biyar da 'yan mintuna an tayar da salla. Wanda ke son ya sami awa 7 ke nan, ƙarfe goma ya kamata ta same shi ya yi nisa. Kakanninmu ba su san wannan lissafi ba, amma sun cika shi. A ci tuwo bayan magariba, a yi isha'i, a ɗan taɓa hira a dandali in akwai farin wata, kananzir ɗin aci-balbal ya ja baya, kowa ya nemi makwancinsa. Duhu ne ya yi musu gadi. Hadisi ingantacce ma ya zo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha'i, ba ya kuma son hira bayanta.

Yanzu fa? Ko ƙauyen da bai taɓa ganin turken lantarki ba yana da mai cajin waya da sola. Wasan Zakarun Turai in sanyi ya shigo ƙarfe tara na dare ake take shi, ba a tashi sai wajen sha ɗaya. A fito daga gidan kallo a zauna teburin mai shayi a yi musun wa ya ci wa ya sha kashi. A koma ɗaki a kunna fassarar Indiya ko a shiga TikTok, a ce bari in ga guda ɗaya. Sai ka ji zakara. Wanda ya kwanta sha biyu da rabi ya tashi biyar, awa huɗu da rabi ya samu. Kullum ana bin sa biyu da rabi. A mako an tara masa fiye da awa 17, barcin dare biyu cur. Shi ne gobe zai ce shi bai san me ke damunsa ba, ko an yi masa asiri ne.

Shayin daren nan ma da nasa laifin. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da kofi da goro ba ya barin jiki da wuri. Bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan yana yawo a jini. Dattijon da ya ɓare goro bayan isha'i don hira ta yi daɗi, ƙarfe biyu na dare goron nan bai sallame shi ba. Ko ya yi barcin, sama-sama ne. Ban ce a bar goro ba, na san wannan faɗa ne da ba zan ci ba. Na ce a mayar da shi na hantsi da azahar, daga la'asar a ɗaure huhun.

Ga kuma wata magana ga direbobinmu masu jigila a hanyar Kano zuwa Gwarzo har Dayi, da 'yan acaɓa masu ratsa ƙauyuka ranar kasuwar Getso. A shekarar 1997 wasu masana a Ostareliya suka gwada mutanen da aka hana barci, suka kwatanta su da waɗanda aka ba giya. Suka tarar wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sun ragu daidai da na wanda ya sha giyar da a ƙasashe da dama doka ta hana a yi tuƙi da ita. Wanda ya tashi biyar na asuba, ƙarfe goma na dare ya cika awa 17. Babu direban da zai yarda a ce masa mashayi a garin nan, za a yi rigima. Amma ga shi yana ɗaukar rayukan mutane a irin wannan hali, yana tauna goro yana cewa idonsa biyu.

Wanda dare bai ishe shi ba, akwai ƙailula, sunnar da muka bar wa tsofaffi. Minti 20 zuwa 30 a gindin bishiya da tsakar rana, a cire hula a rufe fuska. Kada ta yi tsawo, kada kuma a kai ta bayan la'asar, don kada ta cinye na dare. Sannan a rataya gidan sauro. Yanzu ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke. Gidan sauron da aka raba don mutane, na gan shi an killace irin tumatir da shi, mai gonar kuma ya kwana yana tafi da sauro.

Na biyu ruwa. Wannan kam ko kwabo ba a biya, amma mun fi raina shi. Manomi zai fita da 'yar jarka guda, shi da 'ya'yansa uku, rana ta take, gumi ya jiƙa riga ya bushe ya bar farin gishiri a baya. A bazara zafin Kano yakan haura digiri 40. Ciwon kai da jiri da kasalar da ke kama mutum da azahar, sau da yawa ƙishirwa ce ba wani abu ba. Alamar a fili take, ba sai an je asibiti ba: dubi fitsarinka. In ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan ne, jikinka ya bushe. A ƙasashen Nikaraguwa da Salbado, can tsakiyar nahiyar Amurka, dubban masu yankan rake sun mutu da ciwon ƙoda suna da ƙuruciyarsu, masana kuma suka danganta abin da aiki cikin zafi da ƙarancin ruwa. Abin da aka shigo da shi gonakin don rage ɓarnar abu uku ne: ruwa, hutu, inuwa. Mai gonar da ya ɗauki 'yan ƙwadago, ko ya kira gayya, ya sani randar ruwa da hutun tsakar rana suna cikin haƙƙinsu, kamar kuɗin aikin.

Na uku abinci, kuma a nan abin yana ba ni haushi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kowa ya san wannan. Ƙasar Kabo da Gwarzo ƙasar wake ce da gyaɗa da waken suya da gero. Zogale yana jikin danga, rama da yakuwa suna bayan gida, kuka tana tsaye tun kafin a haifi kakanmu. Amma sai a auna waken nan kaf a kai kasuwa, a tattara ƙwan zabi a sayar, a dawo gida da taliya da garin kwaki da lemon kwalba. A fita gona da ruwan bunu da rabin burodi. Sukari yakan ɗaga mutum nan take, bayan awa ɗaya ko biyu ya sake shi ya faɗo. Ɗumamen tuwo da miyar kuka mai daddawa, ko koko da ƙosai, ko ɗanwake, ko fura da nono, su ne ke riƙe ciki har azahar. Na san halin da ake ciki, na san buhun da aka sayar taki aka biya da shi da kuɗin makaranta. Amma a cikin buhu goma a ware tiya kaɗan ta gida, wannan bai fi ƙarfin kowa ba.

Masu zama kuwa, tela da mai shago da ma'aikacin sakatariya, tasu gajiyar daban ce, ta rashin motsi. Maganinta tafiyar ƙafa mai ɗan sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. A ajiye babur a taka zuwa masallaci da kasuwa. Manomi da mai daka ba su buƙatar wannan nasiha, sun biya har da ƙari.

Bari in koma gidan kawuna, don abin da ya fi tsaya mini a rai a can na gan shi. Akwai matar ɗansa, yarinya ce, tana da goyo na wata biyar da wani mai shekara biyu. Kafin kiran salla na ji motsinta tana hura wuta. Ta ɗumama tuwo, ta share tsakar gida, ta yi surfe, ta wanke, ta aika niƙa, ta dafa abincin 'yan gona, ta yi wanki, ta zauna ɓarar gyaɗa, ta ɗora na dare. Ita ce ƙarshen kwanciya, kuma cikin dare goyon ya tashe ta sau uku, ina ji daga zaure. Da hantsi na ga ta ɗaga taɓarya sau goma sha wani abu, ta jingina da bango tana haki. Surukarta ta ce, "Yaran yanzu ba ƙwari, mu a zamaninmu dami guda muke sussukewa kafin rana ta take." Na ce, "Inna, bari dai a duba." Na roƙi yarinyar ta ja fatar idonta ta ƙasa. Inda ya kamata a ga ja, fari ne fat. Tafin hannunta ma haka. Da aka kai ta asibiti aka auna, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Wata biyar ana ce mata raguwa.

Ba ita kaɗai ba ce. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa kashi 68. Jini shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya raba wa gaɓoɓi. In ya yi kaɗan, ko tashi daga tabarma aiki ne. Haila tana rage shi, ciki yana ja, haihuwa tana zubarwa, zazzaɓin sauro yana fasa shi, tsutsar ciki tana tsotsa. Masu noman rani da yaran da ke wanka a dam da kududdufi kuma ga tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda wasu har yau suke ɗauka alamar balaga ce alhali cuta ce mai magani. Sannan a gidajenmu wa ke cin tsokar nama da hanta? Kwanon maigida. Wadda ta fi kowa buƙata ita ke side tukunya. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, a sha ta kullum, ko da ta sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba illa ba ce. A haɗa da wake da zogale da hanta in an samu, a matsa lemon tsami ko a ci gwaiba a kai, don suna taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke cikin abincin. Shayi kuwa hana shi yake yi, sai a raba lokacinsa da na cin abinci.

Akwai ma wadda ta fi wannan haɗari. Mai jegon da ke fama da gajiya da haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, tana tari cikin dare, wannan zuciyarta ce ke neman gazawa. Ciwo ne da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Najeriya tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya shafe shekaru yana bincike a kansa. Irin wannan ba a ƙara mata ruwan wanka ko kunun kanwa a ce za ta warware. Mota ake nema.

Ga ma'aunin da nake so kowa ya riƙe. Gajiyar aiki, in ka ci ka sha ka yi barci dare biyu ko uku, za ta sake ka. Wadda ta wuce mako biyu ana hutawa ba ta tafi ba, ta zama saƙon wani abu. In da yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, a auna suga. In da tarin da ya haura mako biyu da gumin dare, a gwada tarin fuka, gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya tashi kamar bai kwanta ba, a duba shi, a auna masa hawan jini. Wanda kuma bashi ko rashi ko zaman gida ya danne wa zuciya, abinci ba daɗi, hira ba daɗi, barci ya ƙaurace, shi ma ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne. Babban Asibitin Gwarzo yana nan, ga asibitin Kabo, ga ƙananan cibiyoyin lafiya na mazaɓu. Kuɗin gwajin jini sau ɗaya bai kai abin da saurayin nan ya zuba a haɗi daga noman firi zuwa yau ba.

Masu ganin hutu ragwanci ne, su tuna labarin Salmanul Farisi da ɗan'uwansa Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, yana cikin Buhari. Salmanu ya kai masa ziyara ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya manta da kansa da iyalinsa. Ya ƙi cin abinci sai da mai gidan ya ci tare da shi. Dare ya yi, Abud Darda'i ya tashi zai yi salla, ya sa shi ya koma ya kwanta, har sau biyu, sai can ƙarshen dare suka tashi tare. Ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangijinsa, akwai na kansa, akwai na iyalinsa. Da maganar ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. In ibada ma an ce a sassauta don jiki ya huta, ina ga ƙwallo da fassarar Indiya?

Masu shagon magani, ku ji tsoron Allah, ku daina ƙulla wa bayinsa abin da ba za ku ba 'ya'yanku ba. Wanda ya zo neman na gajiya, ku tambaye shi tun yaushe, in abin ya daɗe ku tura shi asibiti.

Kai kuma maigida da ke saurarena yanzu, rediyo a gefen tabarma, in ka shiga cikin gida yau ka ce wa uwar 'ya'yanka ina gajiya. Za ta ce ba gajiya. Kada ka wuce. Haska fitila, ka ce ta ja fatar idonta ka gani. In fari ne, gobe da safe kafin ka tafi gona ka ɗauke ta a babur ku je a auna jininta.

Sai Allah ya kai mu wani makon. A huta gajiya.